Mai Koyon Fiyano Ba Malami

A ƙasar Hausa kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi yakan tashi yana bin ubansa gidajen biki, yana ɗaukar masa kaya, yana cikin 'yan amshi shekara da shekaru kafin a sakar masa kalangu a gaban jama'a. Duk sa'ad da hannunsa ya kauce, akwai kunnen da ya ji, akwai kuma bakin da zai tsawata. Fiyano kuwa ta wata hanya dabam ya zo wa yawancin mutanen ƙasar nan. Tun daga shekarun 1990, da waƙoƙin finafinan Hausa suka koma kansa, samari da 'yammata da yawa suka shiga sha'awarsa, ban da waɗanda suka saba jinsa a majami'u da makarantu. Mutum yakan tara kuɗinsa ya sayo na lantarki a kasuwa, ya kai ɗaki, ya zauna gabansa shi kaɗai. Bayan wata uku sai a tarar da abin a ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe shi, kuɗi sun tafi, mai shi kuwa ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da baiwa. Galibi baiwa ba ta yi laifin kome ba. Abin da ya rasa shi ne mai yi masa aikin kunnen nan na uban makaɗi. Wanda duk ya ɗauki niyyar koya wa kansa, lalle ne ya san aikin nan ya faɗo a wuyansa.

Wani mutumin Italiya mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙago fiyano a birnin Florence wajen shekarar 1700. Har yanzu akwai uku daga cikin waɗanda ya ƙera, mafi tsufa na 1720 yana gidan ajiye kayan tarihi na Metropolitan a New York. Cikakken fiyano na yau yana da madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. In an danna guda, sai wata 'yar guduma mai kan ulu ta bugi wayoyin ƙarfe da ke ɗaure a ciki, waɗanda yawansu ya wuce 200. In an danna a hankali sauti ya fito a hankali, in an danna da ƙarfi ya fito da ƙarfi, kuma daga nan ya samo sunansa a bakin Italiya.

To, a nan yaudarar take. Mai koyon goge yakan yi watanni yana laluben inda zai ɗora yatsa bisa tsirkiya kafin ya fid da sautin da za a iya saurara, saboda haka kunnensa yana koyo tun ranar farko, ko ya so ko bai so ba. Mai koyon fiyano kuwa an riga an gyara masa kowane sauti an ajiye. Jaririn da ya danna madanni zai sami sauti daidai da na gwani. Sai mutum ya zaci ya yi nisa, alhali kuwa bai taɓa tsayawa ya saurari abin da hannunsa ke yi ba.

Duk da haka an yi mutanen da suka koya wa kansu har suka shahara. Erroll Garner, baƙar fatan Amurka da aka haifa a Pittsburgh a 1921, ya cika duniya da kiɗan jaz, ya mutu a 1977 bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Sviatoslav Richter na Tarayyar Sobiyet, wanda ake lissafawa cikin manyan gwanayen ƙarni na 20, yawancin abin da ya iya shi ya koya wa kansa a Odessa, sai a 1937, yana da shekara 22, ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Mosko. Amma fa sai a lura da gidajen da suka fito. Wan Garner makaɗin fiyano ne, uban Richter kuma haka. Watau dukansu biyu sun tashi kunnensu ya ƙoshi da jin abin da yake daidai, har in hannu ya kauce su ne farkon masu ji. Wanda bai tashi a irin gidan nan ba, sai ya gina wa kansa kunnen da gangan.

Maganar saye ita ce ta farko. Fiyano na katako yana da tsada da nauyi, yana kuma bukatar mai gyaran sauti aƙalla sau ɗaya a shekara, ga shi laimar Ikko da bushewar hunturun Arewa duk ba sa yi wa katakonsa kirki. Na lantarki mai madannai 61, irin na Yamaha ko Casio, ya ishi mai farawa shekara guda ko fiye, muddin dai madannansa suna bambanta dannawa a hankali da dannawa da ƙarfi. A gwada wannan tun a kanti kafin a biya. Akwai kuma wani maɓalli a jikinsa wanda in an taɓa sai ganguna da sauran kayan kiɗa su tashi da kansu suna rakiya. Daɗinsa ba ya misaltuwa, amma yana rufe kuskure kamar yadda turare ke rufe wari. Ya kamata mai koyo ya ƙyale shi har sai hannuwansa biyu sun tsaya da kansu.

Sa'an nan zama. Kujera ta kasance tsayinta ya sa gwiwar hannu ta yi daidai da madannai, baya a miƙe, kafaɗu a sake, yatsu a lanƙwashe kamar an riƙe lemo. Ana ƙidaya yatsu daga 1 zuwa 5, babban yatsa shi ne 1, ƙaramin shi ne 5, a kowane hannu. Baƙaƙen madannai su ne alamun hanya, gama an jera su biyu, uku, biyu, uku har ƙarshe. Farin da ke hagu da kowaɗanne biyu sunansa C, daga shi sai D, E, F, G, A, B, sa'an nan wani C ɗin. Wannan jeri shi ne tsanin farko. Hannun dama yakan hau shi da yatsa na 1, na 2, na 3, sai babban yatsa ya kutsa ta ƙarƙashi ya kama F, sauran huɗun su ƙarasa. Hannun hagu kuma ya koyi danna uku tare: C da E da G, ko F da A da C, ko G da B da D. Da haɗi ukun nan kaɗai ana raka waƙoƙi masu yawan gaske.

Wannan duk ana iya samunsa a littafi, ko a majigin koyarwa da suka cika intanet yau. Abin da littafi ba zai yi ba shi ne ya ce wa mutum tsaya, sake. Hannu ba ya bambanta daidai da kuskure, abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa. Wanda ya bi wani layi sau 20 cikin gaggawa yana tuntuɓe a wuri guda, to, tuntuɓen ya koya, kuma cire shi ya fi koyon sabo wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka sai a raba hannuwa, dama ta iya nata, hagu ta iya nata, kafin a gama su. A yanki ɗan guntu kaɗan, a bi shi sannu ƙwarai har ya fita ba tangarɗa sau biyar a jere, sa'an nan a ƙara sauri kaɗan. Akwai wata na'ura mai ƙidaya bugu kamar agogo, wadda Johann Maelzel ya yi wa rajista a 1815, yau kuwa ana samunta kyauta cikin wayar hannu. Ita ba ta jin kunyar kowa, takan tona asirin mai gudu a wuri mai sauƙi yana jan ƙafa a wuri mai wuya. Minti 30 kowace rana ya fi awa huɗu ranar Lahadi amfani nesa ba kusa ba.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, kowa ya taka nasa sai ya hango na wani. Mai kiɗa, sa'ad da yake kiɗa, abin da ya yi nufin fitarwa yake ji. Maganin wannan yana cikin aljihunsa. Ƙarshen kowane mako ya ɗauki kiɗansa a waya, ya ajiye sai gobe, sa'an nan ya saurara kamar kiɗan wani ne, ya rubuta abu biyu ko uku da suka kauce, su zama aikin mako mai zuwa. A makarantar allo ba a wanke allo sai an biya wa malam ya yarda. Mai koyo shi kaɗai ya kafa wa kansa irin dokar nan, kada ya wuce darasi sai abin da wayar ta ɗauka ya gamsar da shi.

Jiki ma yana da nasa gargaɗi. In wuyan hannu ya fara ciwo, alama ce zama ya karkace ko kuwa ana danna da taurin jijiya, sai a dakata. Leon Fleisher, shahararren makaɗin Amurka, yana da shekara 36 a 1964 yatsu biyu na hannunsa na dama suka naɗe suka ƙi miƙewa, ya yi wajen shekara 30 yana kiɗa da hagu kaɗai, shi da kansa kuma ya danganta abin da matsa wa hannu fiye da kima. In haka ta sami gwani mai manyan malamai, ina ga wanda ba mai kallon hannunsa?

Akan yi gardama ko a koya da ka, ko a koyi karanta rubutun kiɗa. Gaskiyar magana, kowanne yana bukatar ɗan'uwansa. Rubutun nan mai layuka, wanda asalinsa ya komo ga wani malamin Italiya, Guido na Arezzo, a ƙarni na 11, shi ke buɗe wa mutum ayyukan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, yana kuma tsaya masa shaida, gama takarda ba ta canza magana. Minti goma a rana ya isa a fara. Koyo da ka kuwa shi ke horar da kunne, kuma a nan mutumin ƙasar nan yana da jari. Baƙaƙen madannai biyar ɗin nan tsani ne mai hawa biyar, irin wanda aka gina waƙoƙin Afirka ta Yamma masu yawa a kansa. Mai koyo ya ɗauki wata waƙa da ya sani tun yana yaro, ya rera ta, ya lalubo ta bisa baƙaƙen, zai ji da kansa inda ya dace da inda ya kauce, tun da ba mai iya ruɗinsa a kan waƙar uwarsa. Marigayi Akin Euba, wanda aka haifa a Ikko a 1935, ya rasu a 2020, ya daɗe yana nuna cewa ana iya sa fiyano ya yi magana irin ta gangunan Afirka, har ya rubuta kiɗe-kiɗe bisa wannan tafarki.

Daga ƙarshe, kunnen wani ba ya rasa amfani, ko da sau ɗaya a wata uku ne. Mai buga wa majami'ar unguwa, ko malamin kiɗa na wata makaranta, cikin minti goma zai ga abin da mai shi ya yi wata shida bai gani ba. Wanda ke son ma'auni kuma, akwai jarrabawar hukumar ABRSM ta London, wadda aka kafa a 1889, mai mataki 1 zuwa 8, akwai kuma makarantar ƙungiyar MUSON a Onikan cikin Ikko, ƙungiyar da aka kafa a 1983. Wanda ya riƙe dokokin nan shekara guda, zai iya zama gaban jama'a ya raka waƙa da hannu biyu ba tare da ya ji kunya ba, kuɗin da ya kashe kuma ba su faɗi ƙasa banza ba.

A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin nan zai duba yadda ake karanta layukan rubutun kiɗa, daga C na tsakiya zuwa sama.