Tukunyar Da Ba Nama: Wake Da Awara Sun Isa Kuwa?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, nama ya yi ƙaura daga tukwane da yawa a nan Sangere. Magidanci ya je kasuwar Jimeta, ya taya kilo ɗaya, ya juyo da ledar wake yana sunkuyar da kai kamar wanda ya yi sata. Ni a ganina wannan kunyar ba ta da dalili.

A Ingila, tun 1944 wasu suka kafa ƙungiyar masu ƙin cin duk abin da ya fito daga dabba, har madara da ƙwai. Su da gangan suka bari, mu kuwa aljihu ne ya raba mu da shi, amma lissafin jiki ɗaya ne. Mai nauyin kilo 60 yana bukatar wajen giram 50 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a yini. Busasshen wake giram 100 yana da kusan 24, gyaɗa kusan 25, waken suya ya haura 35. Ashe ke nan awarar da ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama ke saye da yamma ba abin rainawa ba ce, haka ma ƙuli-ƙuli da ƙosai da alale.

Sai dai a haɗa da hatsi. Abin da masara da gero da shinkafa suka gaza a kai wake na da shi, abin da wake ya gaza hatsi na cikewa. Iyayenmu da suka zo ƙasar nan da garau-garau da tuwo da miyar wake ba su karanta wannan a littafi ba. A matsa lemun tsami a kwaɗon zogale, a kuma ɗan jinkirta shayi bayan cin abinci, domin shayi na rage ƙarfen da jiki ke tsotsa. Gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa a zubar, komai arharta, guba ce ga hanta.

To, ga inda na rabu da Turawan can. Akwai bitamin B12, wanda ba a dogara da tsiro wajen samunsa. Rashinsa na kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi, kuma a hankali yake ɓarna, sai a shekara ba a gane ba. Su suna shan ƙwayarsa. Mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye a gidajenmu fa, wa ke saya musu?

Saboda haka kada wani ya ga bidiyo a waya ya ce iyalinsa sun koma ganye zalla. Muna zaune cikin Fulani, kindirmo na shigowa kullum, kogin Binuwai kuma ga shi a hanyar Jimeta. Ƙananan busassun kifi a daka a zuba a miya, ƙwai ko biyu a mako. In abin ya yi kaɗan, a fara ba yara da uwarsu kafin a kai kwanon maigida.