Mun Iya Hawan Dutse, Ɗaukar Ledarmu Ce Ta Gagare Mu

Yau sai kun yi haƙuri da ni, don maganar nan ta daɗe tana cin raina. Na san wasu za su ji haushi. To ku ji ɗin.

Asabar da ta wuce mun hau ɗaya daga cikin duwatsun nan na bayan Bosso, mu kusan ashirin. An ci, an sha, an yi hotuna kamar ba gobe. A wajen saukowa wata ƙanwarmu 'yar aji biyu ta taka jiƙaƙƙiyar ledar fiya wata, daidai inda ruwa ya zaizaye hanya, santsi ya kwashe ta, ta yi targaɗe. Muna tsaye cirko-cirko, kowa da waya a hannu, sai wani dattijo Gbagyi ya baro gonar doyarsa ya nuna mana inda za mu bi da ita, ɗansa kuma ya kawo babur. Na ce, "Baba, mun gode, Allah ya saka." Ya amsa, sannan ya gaya mini cikin sanyin murya cewa duk ranar da muka zo, washegari yaransa ne ke bin hanyar suna tsince leda, saboda akuya in ta haɗiye ta sai ciki ya kumbura ta mutu. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ku gaya mini, wa ya yi hanyar nan? Ba gwamnati ba ce, ba kuma mu ba. Ƙafafun manoma ne da na matan Gbagyi masu ɗauko itace a kafaɗa suka fitar da ita, tun kafin a kafa jami'armu ta FUT Minna a 1983. Mu baƙi ne a kanta. Amma dubi abin da baƙin suke yi: ledoji, robobin lemo, fasassun kwalabe, sunaye da fenti a jikin dutse, wai "aji na bana". Mai sauri kuma ba zai bi kwanar da hanya ta yi ba, sai ya yanke kai tsaye ta cikin kunyar doyar mutane.

Yanken nan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Masu hanyar ba wauta ta sa suka yi ta a karkace ba. In ta miƙe tsaye daga sama zuwa ƙasa, ciyawa ta mutu saboda taku, ruwan Agusta da Satumba sai ya mayar da ita kwata, ya kwashe ƙasa, shekara ta zagayo ka tarar da kwazazzabo. Abin kunya, cikinmu akwai masu karantar injiniyanci da ilimin ƙasa da tsara birane. Muna zana magudanar ruwa a takardar jarabawa, amma ba mu taɓa jera duwatsu biyar a gicciye don su karkatar da ruwa daga hanya ba.

Na san amsar da ke zuwa: "Ai aikin gwamnati ne." Haba ɗan uwa! Gwamnati ce ta sha ruwan ledarka? A Amurka akwai hanyar masu tafiya a ƙafa ta duwatsun Afalashiya, tsawonta kusan kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14, an kammala ta tun 1937. Har yau mafi yawan sharewa da gyaranta 'yan sa-kai ne ke yi, ƙungiyoyi wajen 30, kowace da yankin da take kula da shi. A Ruwanda kuma Asabar ɗin ƙarshen kowane wata jama'a ke fitowa aikin Umuganda. Kuma kada wani ya ce al'adar wasu ce. Mu fa jikokin masu aikin gayya ne. A ƙauyukanmu ba a jiran kwangila kafin a share hanyar rafi ko a gyara maƙabarta. Ina muka baro darasin Islamiyya a kan ladan ɗauke ƙaya daga hanya?

Wani kuma zai ce, "Shekara biyar zan yi in tafi, ina ruwana?" To, ruwanka shi ne ƙannenka na tafe. Ran da mutanen nan suka gaji suka ce kada ɗalibi ya sake hawa, wa zai ga laifinsu? Kuma a yanayin tsaron da jihar nan take ciki, wanda zai ce maka "yau kada ku hau" shi ne manomin da kake tattake wa gona. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ga abin da nake so mu yi, ba sai an kafa kwamiti mai shugaba da ma'aji ba:

1. Mu fara zuwa gaida mai unguwa, mu nemi izini, su nuna mana inda ake bi da inda ba a bi.
2. Asabar ɗin ƙarshen wata, bayan sallar Asuba, mu fito da buhuna, adda, fartanya da shebur. Awa biyu kacal.
3. Duk wanda ya hau da leda, ya sauko da ita. Fenti kuma a bar shi a hostal.
4. Kowa ya ajiye naira 500 don buhu da bandeji. Bai kai kuɗin datar da muke ƙonawa wajen ɗora hotunan ba.
5. In rani ya shiga, ba gashi, ba kunna wuta a saman dutse.

'Yan Gidan Kwano, da masu shirya mana tafiya Gurara, maganar nan har da ku.

Ni dai in Allah ya kai mu zan je da buhuna, ko da ni kaɗai ne. Mai zuwa ya rubuta "ina ciki" a ƙasa. Mai ganin na yi tsauri, ya zo mu yi musun a kan dutsen, amma ya taho da buhunsa.