Ƙwayoyin da ba su tsoron dalma

Dalma wani ƙarfe ne mai nauyi da taushi. Akwai ta cikin batirin mota, da wasu fenti, da wani irin kwalli. Amma guba ce. In ta shiga jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwarsa, karatu ya yi masa wuya. In ta yi yawa tana kisa.

A shekarar 2010, a jihar Zamfara ta Nijeriya, masu neman zinariya sun riƙa niƙa duwatsu a cikin gidajensu. Ashe akwai dalma cikin duwatsun. Ƙurar ta sauka a ƙasa, ta shiga abinci, yara wajen 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka kamar Dareta da Bagega, aka zuba sabuwa. Wannan aiki ne mai wuya da tsada.

Shi ya sa masana suke neman wata hanya ta tsabtace ƙasa da ruwa. Sun juya ga bakteriya, wato ƙananan halittun nan da ido ba ya gani. Wasunsu suna kawo cuta, amma da yawa suna da amfani. A shekarar 1976, a ƙasar Beljik, an gano wata iri tana rayuwa cikin ƙazamin ruwan wata masana'antar ƙarfe. Dalma ba ta kashe ta. In dalma ta shiga jikinta sai ta turo ta waje, ta haɗa ta da wani sinadari, ta daskare. Dalmar da ta daskare ba ta bin ruwa cikin sauƙi.

Wannan bincike ya cancanci yabo. Sai dai bai kamata mutane su saki jiki ba. Bakteriya ba ta ɓatar da dalma, ɗaure ta kawai take yi. Dole a kwashe abin da ta ɗaure, a binne shi nesa da rijiyoyi. Kuma aikinta yana ɗaukar lokaci, yaron da ke rarrafe a tsakar gida kuwa ba ya jira.

Saboda haka rigakafi ya fi magani. Kada a niƙa dutsen zinariya a gida. Kada a fasa tsohon batir inda yara suke wasa. Kowane yaro ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.