A BUƊE WA MALAMAI ƘOFAR FITA, AMMA A FARA ƘIRGA MUSU KUƊINSU

Jama'a, maganar yau a kan malaman makarantun gwamnati ce da ritayarsu. Tana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci.

Ga wanda ya manta: ranar 5 ga Oktoba 2020, Ranar Malamai ta Duniya, gwamnatin Buhari ta yi wa malamai alkawarin ƙarin shekarun aiki. A watan Afrilun 2022 aka sa wa dokar hannu. Maimakon malami ya ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, yanzu sai ya kai 65 ko ya yi 40, duk wanda ya riga zuwa. Wasu jihohi sun bi sahu, wasu har yau suna jan ƙafa. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana neman wannan, kuma hujjarta ba ta banza ba ce: farfesa a jami'a sai ya kai 70, me zai hana wanda ya koya masa baƙi da wasali ya kai 65?

Ban ƙi wannan doka ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne irin murnar da aka yi. Mutumin da ya shekara 35 yana shaƙar ƙurar alli, yana ɗaga murya a gaban yara sun fi ɗari a aji ɗaya, gwiwa ta fara ƙara, ido ya fara hazo, a ce masa an ƙara maka biyar, ya ɗaga hannu yana hamdala. Duk wanda ke aikin gwamnati ya san fassarar wannan hamdalar. Tsoron waje ne. Albashi ko ya yi kaɗan yana shigowa ƙarshen wata. Garatuti kuwa sai wanda Allah ya ciyar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: sun ga waɗanda suka riga su fita suna yawo da fayil a hammata daga wannan ofis zuwa wancan, yau a ce tantancewa, gobe a ce babu sunanka, jibi a ce sai an saki kuɗi. Wasu har ƙasa ta rufe musu ido, sai magada suka ci gaba da jelen.

Wannan ba ƙage ba ne. A Kano kaɗai, gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin garatuti da haƙƙin waɗanda suka rasu na wajen naira biliyan 48, kuma kashi-kashi take biya. A matakin tarayya sai da aka amince da cin bashin naira biliyan 758 a 2025 don a sauke nauyin fanshon da ya taru. Sashe na 210 na tsarin mulki ya ce a riƙa sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka yi ƙarin albashi. Ku tambayi tsohon hedimastan unguwarku sau nawa aka duba nasa. An cire tallafin mai a Mayun 2023, kwanon masara ya tashi, mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, shi kuwa ɗan fansho a wurare da dama yana nan inda aka bar shi.

To ka ga ƙarin shekara biyar ɗin nan, ga malamai da yawa, ɗage ranar wahala ce kawai.

Malaman da suka haura 55 kashi biyu ne, kuma duk mun san su. Akwai wanda har yanzu da ƙarfinsa, ya iya aikin, yara na son sa, in ya fita an yi asara. Irin wannan a riƙe shi da hannu bibbiyu. Akwai kuma wanda ya gaji, hawan jini da ciwon suga sun sa shi gaba, yana zuwa ne ya sa hannu a rajista ya nemi inuwa ya zauna. Ba mugun mutum ba ne, ƙarfin ne ya ƙare. Da zai tabbata zai karɓi haƙƙinsa, da tuni ya koma gona ko ya buɗe ɗan shago ko ya riƙe Islamiyyar unguwa. Yana zaune ne don ba shi da mafita, yara kuma suna zaune babu mai koya musu. A bakin ƙofa ga matasa masu NCE da digirin koyarwa sun yi shekara da shekaru suna jiran gurbi, wasu suna koyarwa a makarantun kuɗi kan albashin da bai kai kuɗin cefanen mako biyu ba.

Shawarata ita ce a haɗa dokar 65 da ƙofar fita ta ganin dama. Malamin da ya kai, a ce, shekara 55 da haihuwa ko 30 a bakin aiki, in ya ga dama ya ajiye, a ba shi tukuici na musamman bayan haƙƙinsa, a ɗauki matashi a gurbinsa. Wanda yake son ya ci gaba har 65, bismillah.

Ba sabon abu ba ne a duniya. A Amurka jihohi da gundumomin ilimi kan yi haka jefi-jefi. Wanda ya fi shahara shi ne na jihar Illinois a farkon shekarun 1990, inda aka bai wa malami damar sayen ƙarin shekara biyar ta haihuwa da biyar ta aiki a lissafin fanshonsa. Malami ya biya wani kaso, hukumar makarantarsa ta biya wani, ya tafi da fansho kamar ya cika wa'adi. Dubban malamai suka karɓa. Binciken da masana suka yi daga baya ya nuna sakamakon jarrabawar ɗalibai bai faɗi ba saboda wannan fitar. Amma akwai ɗaya gefen da ya kamata mu gani: asusun fanshon malaman wannan jihar yana cikin waɗanda suka fi giɓi a Amurka, saboda gwamnatin jihar ta shekara da shekaru ba ta zuba kasonta cikakke. Ko a ƙasar da kuɗi ke da auki, alkawarin fansho da ba a ajiye masa kuɗi ba bashi ne a wuyan na baya.

Me ya sa gwamnatoci ke son irin wannan tsari? Lissafi ne. Mai NCE yana shiga aiki a mataki na 7, mai digiri a na 8. Malamin da ya shekara 30 yana can sama, mataki na 13, 14 ko fiye. Albashinsa na wata zai iya ɗaukar sabon malami har a yi ragowa, a wasu wuraren ma ya kusa ɗaukar biyu. Nan ne haɗarin yake. Gwamna zai hango rarar albashi, ya manta cewa nauyin bai ɓace ba, wuri kawai ya sauya, daga takardar albashi zuwa asusun fansho.

Bari in ɗan warware wannan, don tsarin fanshonmu iri biyu ne, kuma fita da wuri tana taɓa kowanne daban.

Na farko shi ne tsarin adashi na dokar 2004 da aka sabunta a 2014, wanda hukumar PenCom ke sa wa ido. Ma'aikaci yana zuba kaso 8 cikin ɗari, gwamnati ta zuba aƙalla 10, kuɗin su tafi asusunsa na kansa a hannun kamfanin fansho. Abin da ka tara shi za ka ci. Wanda ya yi ritaya bayan ya haura 50 yana iya fara karɓa. Amma malamin da ya fita yana da 55 maimakon 65 ya rasa zubin shekara goma, kuma shekarun da albashinsa ya fi tsoka ne. Ya rasa ribar da kuɗin za su haifa. Sannan ɗan abin da ya taru za a raba shi a kan shekaru masu yawa. Abin da zai riƙa gani a wata sai ya tsuke. Saboda haka tukuicin da bai cike wannan giɓin a cikin asusunsa ba yaudara ce, ko da an miƙa masa miliyan biyu a hannu ana ɗaukar hoto.

Na biyu shi ne tsarin da ake lissafa fansho da shekarun aiki da albashin ƙarshe. A tsohon jadawalin da muka sani, wanda ya cika shekara 35 yana samun kaso 80 cikin ɗari na albashinsa a matsayin fansho, garatutinsa kuma ninki uku na albashin shekara. Jihohi irin su Kano da Jigawa suna da asusun haɗaka inda ma'aikaci da gwamnati ke zubi, a riƙa biyan masu fita daga ciki. A irin wannan tukunya, in ka tura malamai dubu biyar waje a shekara ɗaya, ka rage masu zubi, ka ƙara masu ɗiba. In gwamnati ba ta zubo kuɗin wannan daga aljihunta ba, layin garatuti ne zai ƙara tsawo, waɗanda suka shekara biyar suna jira su koma bayan layi.

Shi ya sa nake cewa ƙofar nan tana da sharuɗɗa, in babu su gara a bar ta a rufe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na ɗaya, kuɗi kafin takarda. Kada sunan malami ya fita daga jerin masu albashi sai garatutinsa da tukuicinsa sun shiga asusunsa, fanshonsa na wata kuma ya fara. A rubuta haka a doka, ba a jawabin Ranar Malamai ba. In gwamnati ta makara, albashinsa ya ci gaba da tafiya har ranar da ta shirya.

Na biyu, a fara da tsofaffin basussuka. Jihar da ke riƙe da garatutin malaman da suka fita shekaru huɗu baya ba ta da bakin kiran wasu su fito. Wa zai yarda? Jigawa ta yi suna wajen biyan 'yan fansho a kan kari, kuma ba tsafi ta yi ba, zubi ne da ake yi a kan lokaci tsawon shekaru. Jihar da ke yanke kason ma'aikaci daga albashi ba ta kai shi asusu ba, ta fara gyara wannan tukuna.

Na uku, ganin dama ya zama ganin dama. Mun san halinmu. Yau a ce wanda ya so, gobe sakataren ilimi ya kira malamin da ba ya ɗasawa da shi ya ce ko ka cike fom ko in tura ka ƙauyen da mota ba ta zuwa. Malaman Arewa ba su manta da Kaduna a 2017 ba, lokacin da gwamnatin El-Rufai ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar aji huɗu. Ko kana ganin daidai aka yi ko kuskure, tun daga nan duk wata takarda mai ɗauke da kalmar rage malamai faɗuwar gaba take sa su. Dole NUT ta zauna a teburin da ake tsarawa, kuma a samar da inda wanda aka matsa wa zai kai kuka.

Na huɗu, gurbi da gurbi. Duk malamin da ya fita, a ɗauki ƙwararre mai rajista da TRCN a makarantar da ya bari, cikin zangon karatu ɗaya, aiki na dindindin. Ba ɗan wucin gadi a kan alawus ba, ba kuma gurbin da za a raba wa 'yan siyasa su sayar ba. In ba haka ba, rage malamai aka yi aka sa masa sabuwar riga.

Na biyar, a yi shi kaɗan-kaɗan, da ido a kan darasi. Makarantar da malamin lissafinta ko na kimiyya ɗaya ne tilo, wannan tukuicin zama ya kamata a ba shi.

Na san abin da wasu za su ce: ina kuɗin? Tambaya ce mai kyau, musamman ga firamare, inda albashi ke fitowa daga kason ƙananan hukumomi. Ko a Abuja, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 kan sabon albashi. Ƙaramar hukumar da ke nishi kafin ta biya albashi ba za ta iya ɗaukar tukuici ita kaɗai ba, sai jiha ta sa kafaɗa. Amma kada a ce min babu kwata-kwata. Jihohi nawa ne suka yi dokar fansho ga tsofaffin gwamnoni da mataimakansu, har da gidaje da motoci, kan aikin shekara huɗu ko takwas? Wannan ai shi ne tukuicin ritaya mafi tsoka a ƙasar nan, kuma ban taɓa ganin tsohon gwamna a layin tantancewa ba. Kason da jihohi ke karɓa daga tarayya ya ƙaru sosai tun da aka cire tallafin mai. Magana ce ta abin da aka sa a gaba.

Wasu kuma za su ce ƙwararrun ne za su fara tafiya, tunda su ke da abin yi a waje. Zai iya faruwa, shi ya sa na kawo sharaɗi na biyar. Amma riƙe mutum a aji da igiyar tsoron yunwa ba ya sa shi koyarwa da kyau. Wanda ya zauna alhali ya san zai iya tafiya da mutuncinsa, shi ne wanda nake so ya koyar da ɗana.

Ni ba malami ba ne, a ofis nake, kuma layin da suke tsoro ni ma shi ke jira na nan da wasu shekaru. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da muka bari aka yi wa malamai yau, shi za a auna mana gobe da mudu ɗaya.

Don haka 'yan majalisun jihohinmu da shugabannin NUT, kafin a sake taruwa ranar 5 ga Oktoba a yi anko a karanta jawabi, a zo mana da adadi: malamai nawa suka yi ritaya ba a biya su ba, nawa ake bin kowace jiha, kuma wace rana za a gama biya. Daga nan sai mu zauna mu yi maganar ƙofar fita.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu suna jira, mu kuma ya sa mu gama lafiya.