Dutsen Kalambaina Ba Na Sumunti Kaɗai Ba Ne

Duk wanda ya bi ta Kalambaina, dab da birnin Sakkwato, ba zai rasa ganin manyan ramukan da ake haƙar dutsen farar ƙasa ba. Saboda wannan dutse ne aka kafa Kamfanin Sumunti na Arewa a 1962, ya kuma fara aiki a 1967. Yanzu masana'antar tana hannun kamfanin BUA. Babu mai musun amfaninta, gama makarantu da asibitoci da gadoji da yawa a Arewa da sumuntinta aka gina su.

Amma fa akwai abin da ake mantawa. Masana ilmin duwatsu sun tabbatar cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, ƙasar Sakkwato tana ƙarƙashin wani teku marar zurfi wanda ya ratso ta Hamada. Halittun ruwa masu ɓawo suka yi ta mutuwa, ɓawonsu yana taruwa a ƙasa, sannu a hankali har ya dunƙule ya zama dutse. Shi ya sa ma'aikaci kan fasa dutse ya tarar da siffar katantanwa a ciki, a garin da yake nesa da teku da ɗaruruwan mil. Irin wannan dutse ne kuma ake haƙa a Malbaza ta Jamhuriyar Nijar, don tekun bai san iyaka ba.

To, a kowace rana ana niƙa wannan shaida, a haɗa da yumɓu, a ƙone a wuta mai zafin kusan digiri 1,450. Abin da ya shiga wannan wuta kuwa ba ya dawowa.

Ba cewa ake yi a daina haƙa ba. Abin da ya kamata shi ne Gwamnatin Jihar Sakkwato da kamfanin su keɓe bango guda na wani tsohon rami, a bar shi yadda yake, a kewaye shi, a yi masa hanya. Abin da ma'aikata suka tsinta mai kyau a miƙa wa Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta adana. Abin kunya ne a ce ɗalibin Sakkwato sai a hoton littafin da aka buga a Ingila zai fara ganin irin abin da ke binne a bayan garinsu. Kuɗin shinge da na mai gadi ɗaya ba za su gagari kamfanin ba.