Gummi Gari Ne, Ba Uba Ba

 

Ya 'yan'uwa, akwai wata shawara da wasu masu ilimin boko ke yayatawa a tsakaninmu, wai kowane gida ya tsayar da sunan dangi guda ɗaya kamar yadda Turawa suke yi, sunan tsakiya kuwa a mayar da shi harafi ɗaya ko a yar da shi, don takardu su daidaita. Ban yarda da wannan ba, kuma ga dalilina.

A Amurka, mai binciken asali yakan tsinci dangin uwa a sunan tsakiya. Fitzgerald da ke cikin sunan shugaba John Kennedy sunan gidan su mahaifiyarsa ne. To mu fa? A wurinmu uba ne ke zaune a tsakiya. Dubi marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gummi, wanda ya rasu a 1992. Mahmud mahaifinsa ne, Gummi kuwa mahaifarsa. Cire Mahmud ka bar Gummi, sai ka wayi gari Malam ya zama ɗan'uwan duk wanda aka haifa a ƙasar Sarkin Mafara, alhali babu jinin da ya haɗa su. Haka Anka take, haka Bukkuyum.

Ba ina cewa jingina kai ga gari laifi ba ne. Magabata sun yi. Amma Imamul Bukhari, kafin a kai ga Bukhara, sai an ce Muhammadu ɗan Isma'ila ɗan Ibrahim. Gari a bayan iyaye yake zuwa, bai taɓa zama a gurbinsu ba. Kuma aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira kowa da sunan ubansa. Saboda ita Zaidu (RA) ya koma ɗan Harisa, bayan an daɗe ana jingina shi ga Annabi (SAW). Idan wannan jinginawa mai daraja ba ta tsaya ba, ina ga sunan ƙaramar hukuma?

A rijistar Islamiyyarmu akwai yara uku, uwa ɗaya uba ɗaya. Na farko ya ƙare da sunan uba, na biyu da na kaka, na uku da Anka, domin mutane uku ne daban suka cike musu fom. Yau kowa ya san su. Bayan shekara hamsin, ranar rabon gona a gaban alƙali, ko ranar da jikokinsu suka nemi juna da aure, wa zai warware?

Za a ce ai tsofaffi sun sani. Waɗanne tsofaffi? Ta'addancin 'yan bindiga ya watsa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum, dangi sun rarrabu, kuma tsohuwar da ke iya jero kakanni bakwai ba ta da magaji a wannan fanni. Abin da zai saura shi ne abin da aka rubuta.

Fom ɗin katin ɗan ƙasa yana da gurbin sunan farko, na tsakiya da na ƙarshe. Sun isa: yaro, ubansa, kakansa. Gari yana da nasa gurbin a wurin adireshi da mahaifa. Uban da ya kai ɗansa rijista, ya tsaya ya karanta abin da mai kwamfuta ya buga kafin ya bar wurin.