Rediyo ta intanet: Murya ta yi nisa, amma wa ke riƙe da makullin?

Ɗan kasuwar Kano da harka ta kai shi Legas, Akara ko Jidda ba ya rasa labarin gida a yau. Ya buɗe shafin tashar garinsu a waya, ya danna alamar kunnawa, sai muryar da ya saba ji a Kantin Kwari ta cika masa ɗaki. Haka ma ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki zuwa Abuja yakan bar shafi ɗaya a buɗe a kwamfutar ofis yana bin shirin siyasar jiharsu. Zangon FM, wanda a da ba ya wuce gari da kewayensa, yanzu ya samu hanyar zagaya duniya.

Sauƙin da ake gani bai daɗe da samuwa ba. A shekarun baya, sai mai saurare ya saka wata manhaja ta musamman, galibi Flash, kafin shafi ya iya fitar da sauti. Kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash a ƙarshen 2020, kuma kafin lokacin manhajojin shiga intanet irin su Chrome da Firefox sun riga sun iya kunna sauti da kansu. Shi ya sa ƙaramar tasha ma take iya buɗe ƙofarta ga duniya, har aka samu shafuka irin su Radio Garden, wanda aka ƙirƙira a ƙasar Holan a 2016, inda mutum ke juya taswirar duniya ya zaɓi tashar garin da yake so.

Sai dai wannan ci gaba ya zo da sauyin da ba kowa ya lura da shi ba: ya canza wanda ke biyan kuɗi, ya kuma canza wanda ke da ikon katse magana.

Akwatin rediyo, da zarar an saya an sa batir, sauraro kyauta ne. A intanet kuwa kowace daƙiƙa tana cin data. Lissafin ba shi da wuya. Tashar da ke aika sauti a kan kilobit 64 a daƙiƙa tana cin kusan megabait 29 a awa ɗaya. Mai shagon da ke saurare awa huɗu a rana, kwana 26 a wata, zai ƙone kusan gigabait uku. Idan tashar ta ɗaga zuwa kilobit 128, zai ƙone shida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a watan Janairun 2025 da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da na data.

Ita ma tashar ba ta tsira ba. Na'urar watsa shirye-shirye ta FM kuɗin wutarta ɗaya ne, ko mutum goma ke saurare ko miliyan. A intanet kuwa kowane mai saurare sai an aika masa nasa kason daban. Mutum dubu a kan kilobit 64 na nufin tashar tana fitar da kusan gigabait 29 a kowace awa. Wato gwargwadon farin jininta, gwargwadon kuɗin da za ta biya. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa sauti ya riƙa yankewa daidai lokacin da jama'a suka fi buƙatarsa, kamar daren bayyana sakamakon zaɓe. Akwai kuma jinkiri, domin shafi kan tara sautin wasu daƙiƙoƙi kafin ya saki. Mai bin wasan ƙwallo ta intanet kan ji ihun maƙwabcinsa mai akwatin rediyo kafin ƙwallon ta shiga raga a wayarsa.

Batun iko ya fi na kuɗi nauyi. Ana yawan cewa intanet mafaka ce ga kafar da hukuma ta rufe, kuma akwai gaskiya a ciki. Lokacin da gwamnatin mulkin soja ta Nijar ta dakatar da RFI a watan Agustan 2023, sannan ta dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024, masu waya da data sun fi sauran jama'a damar ci gaba da samun shirye-shiryen. Amma mafakar tana da nata rauni. A watan Afrilun 2024 hukumomin Burkina Faso sun dakatar da BBC da Muryar Amurka, kuma ba su tsaya ga rediyo ba, har suka umarci kamfanonin intanet su toshe shafukansu.

A gida Najeriya ma an ga misali. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya matakin ya shafi sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. A waɗannan makonni duk wani shafin saurare ya zama kurma, akwatin rediyo mai batir ne ya ci gaba da magana. Gajeren zango, wanda BBC Hausa ta shiga gidajen Arewa da shi tun 1957, ba ya neman izinin turken sadarwa kafin ya tsallaka iyaka. Haka kuma, intanet ba ta iya ceto tashar da mai ita ya rufe: a watan Maris na 2025 umarnin fadar shugaban Amurka ya sa sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ya fara aiki a 1979, ya yi shiru a rediyo da intanet baki ɗaya.

Akwai kuma batun sirri. Babu wanda ya san tashar da mai akwatin rediyo ya kama. Mai saurare ta intanet kuwa yana barin sawu: lambar da na'urarsa ke shiga intanet da ita, lokacin da ya shiga, da tsawon zaman da ya yi. Wannan sawun yana da amfani ta wani gefen. 'Yan kasuwar da ke biyan kuɗin talla a gidajen rediyo sun daɗe suna dogaro da abin da tasha ta faɗa game da yawan masu sauraronta. Yanzu, ta ɓangaren intanet, akwai alƙaluma na gaske, kuma mai talla na da haƙƙin ya nemi a nuna masa su kafin ya zaro kuɗinsa.

Abin da ya rage shi ne kowa ya gyara tsarinsa. Tashoshi su samar da zaɓin sauti mai sauƙin data, domin kilobit 32 ya isa ga labarai da hira, kuma zai rage wa mai shagon nan kuɗinsa da rabi. Su kuma guji ɗabi'ar tilasta wa mai son sauraro kallon bidiyon ɗakin watsa shiri a Facebook, wanda ke cin data ninki da yawa. Gwamnatocin jihohi kada su fake da shafin intanet su bar na'urorin tashoshinsu su lalace, domin manomi da makiyayi da mazauna yankunan da sabis ba ya kaiwa har yanzu da eriya suke kama labari. Shi kuma mai saurare, duk daɗin da wayar ke yi masa, ya ajiye ƙaramin akwatinsa da batir a kusa, saboda ranar da sabis zai ɗauke.